Ranar da Sitiyari Ya Ƙi Malam Habu

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin garejina da waya a hannu, kuna nuna min wani Bature da ya gyara sitiyari cikin minti huɗu, ku matso. Baturen nan naku motarsa ba ta taɓa bin hanyar Gwaram da damina ba, kuma ba ku ga awa ukun da ya yanke daga hoton ba. Ni ne Ado, wanda a Birnin Kudu in ba ka ce Ado Sitiyari ba sai a kai ka wajen Ado mai shayi. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane, amma har yau a wajenku aikina bai wuce a ƙara man sitiyari a canja famfonsa ba. To bari in ba ku labarin mota ɗaya tak, wadda aka ƙara mata man, aka canja mata famfon, duk da haka ta kusa raba wani dattijo da mukullin da ya shekara goma sha ɗaya a aljihunsa.

Wata Laraba ce da hantsi, cikin daminar bara, ɗan acaɓa ya sauke Malam Habu a gabana. Malam Habu direba ne a wani ƙauye can bayan Sara. Mutanen ƙauyen sun haɗa hannu tun da daɗewa sun sayi tsohuwar mota mai dogon baya. Ba ta haya, ba ta zuwa kasuwa, aikinta ɗaya ne: ta ɗauko marar lafiya ko mai naƙuda ta kawo babban asibiti nan Birnin Kudu. Shi aka damƙa wa mukullinta tun ranar farko. Na saba ganinsa a cikinta, gwiwar hannu a taga yana amsa gaisuwa, sai ga shi a bayan babur ya dafe hula kamar za ta gudu.

Na ce, "Malam Habu, ina motar? Ko ƙarin girma aka yi maka zuwa acaɓa?"

Ya ce, "Ado, bar wasa. Mukulli za su karɓe."

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ba ni labari. Ranar Litinin da safe ya ɗauko wata mai naƙuda tare da Inna Delu, ungozomar ƙauyen. A wata kwana mai kaifi da ke gaban kwalbati, kafin a hau kwalta, ya karya sitiyari, mota ta shiga kwana, da ya zo miƙewa sitiyarin ya ƙi dawowa. Ya ja, ya ƙi. Ya taka birki, ƙasa duk laka, motar ta zarce cikin gonar gero ta kwantar da kunya shida. Babu wanda ya ji ciwo. Allah ya kawo wata motar kasuwa ta ƙarasa da matar asibiti, ta sauka lafiya. Amma da aka ciro motar aka mai da ita gida, sai Alhaji Garba, shugaban kwamitin da ke kula da ita, ya sa ƙanin matarsa, wani ƙato mai suna Sagiru, ya shiga ya murɗa sitiyarin hagu da dama a gaban jama'a. Sagiru ya fito ya ce lafiyarta ƙalau, ɗan nauyi ne irin na tsohuwar mota. Nan take Alhaji ya yanke hukunci: ba mota ce ta tsufa ba, hannun direba ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Habu zai miƙa mukulli, Sagiru ya karɓa.

"Wai hannuna ya mutu, Ado. Ni da nake ɗaga buhun dawa!"

"Yaushe rabonka da ɗaga buhun dawa?"

"Ba wannan na zo ka tambaye ni ba."

Ku sani, rabin aikin nan tambaya ce, kuma yawancin masu mota ba gaskiya suke amsawa ba. Ba mugunta ba ce, kunya ce. Wani malamin makaranta daga Unguwar Ya ya taɓa kawo min mota, sitiyari na kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta, ya rantse bai zuba komai ba. Ina buɗe murfin kwalbar man sai ƙamshin ƙosai ya bugi hancina. Man gyaɗar matarsa ya ɗura, wai ai duk mai ne. Wani ɗan kasuwar hatsi ya zuba man birki, robobin ciki suka kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, ya zo yana zagin wanda ya sayar masa da motar. Wani Alhaji kuma ya zo a fusace sai an canja masa famfo yau-yau. Na leƙa na ga tayoyin gaba sun kwanta rabi, na tura shi wajen mai faci aka ba su iska, sitiyari ya koma laushi. Har yau ba ya amsa gaisuwata, don na hana motarsa ciwo irin na manya.

Malam Habu ba ya cikin irin waɗannan. Abin da ka tambaye shi, shi zai faɗa maka.

"Yana kuka in ka karya shi har ƙarshe?"

"Ba ya kuka."

"Mai yana raguwa? Kana ganin ɗigo a ƙasa da safe?"

"Ko ɗaya. Wata biyu ke nan ina gaya musu ya yi nauyi. Aka kai ta wani wuri aka canja bel, bai daina ba. Sagiru ya duba a wayarsa ya ce famfo ne, aka canja famfo. Da na ce har yanzu dai, sai Alhaji ya ce na fiye ƙorafi."

"In ka fito daga kwana, yana dawowa da kansa?"

Ya ce, "Ya daina. Ni nake dawo da shi. Kuma nauyin ba ko'ina ba ne, wuri-wuri yake. In ta kwana biyu a ajiye ya fi tsanani."

Na ce masa gobe da safe ina tafe, amma da sharaɗi ɗaya. Daga yanzu har in iso kada wanda ya taɓa sitiyarin nan, ko kaza kada a bari ta hau kai.

Sharaɗin nan ba nawa ba ne, na maigidana ne, marigayi Malam Iro, Allah ya ji ƙansa. Wajensa mahaifina ya kai ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, kuma shekara guda cur ban riƙe sifana ba sai in zan wanke ta. Aikina shi ne in zauna a kujerar direba, gaban mota a ɗage, inji a kashe, in rufe ido in juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe da yatsa biyu, in faɗi abin da na ji. In na ce ban ji komai ba, sai ranƙwashi, a ce in sake. Malam Iro yakan ce juyin farko bayan mota ta kwana shi ke faɗin gaskiya, na biyu ya fara ɓoye-ɓoye, na goma kuwa har rantsuwa zai yi maka cewa lafiyarsa lau. Akwai wata a-kori-kura ta mai kai tumatir da ba na mantawa. Kwana uku ina juya ta kafin na ji wani ɗan tsaiko, kamar ka tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Da na faɗa, Malam Iro bai ce na yi ƙoƙari ba. Cewa ya yi, "Kwana uku? Ai jaki ma da ya ji." Amma washegari ya miƙo min sifana ya ce in shiga ƙasa in kwance. Wannan ita ce takardar shaidar da na samu a rayuwata.

Ranar Alhamis da sassafe na ɗaure jaka a bayan babur. In za ka ƙauye aiki, abin da jaka ɗaya ta ɗauka shi ne garejinka gaba ɗaya. Na sa ƙaramin jak, da sifanu, da filaya, da guduma, da tocila, da gwangwanin giris, da kwalbar jan man sitiyari. Na sa doguwar sukudireba wadda nake kafawa a jikin famfo, in ɗora kunne a kan mariƙinta in saurari abin da ke gudana a ciki. Na sa farin tsumma don ganin launin mai, na sa alli. Allin nan kuna yi masa dariya, amma duk wanda ya zare sandar sitiyari bai yi alama ba, zai mayar da ita mota na tafiya Gwaram, sitiyari na kallon Kano.

A hanya na riƙa wuce motoci a ƙofar gidaje, an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Waɗannan gawarwakin shekarar da man fetur ya haukace ne. Ku a wajenku labari ne na radiyo, ni kuwa a garejina ta sauka. Sati biyu sai ya wuce ban buɗe bonet ba. Mutanen da na shekara ina gyara wa mota suka ajiye su, suka riƙa wuce ni a kan babur suna ɗago min hannu kamar masu ta'aziyya. 'Yan motocin da suka rage a hanya kuwa sababbi ne masu sitiyarin lantarki, babu famfo, babu mai, su kuma sai su tafi wajen masu kwamfuta a soka musu waya a karanta. Ni da Malam Iro ya yaye, na koma gyaran injin markaɗe da injin ban-ruwa, ina jayayya da mata a kan ko tattasai ya yi laushi. Ban ce ku tausaya min ba. Na faɗa ne don shekarar nan ba masu gyara kaɗai ta taɓa ba, ta canja yadda motoci ke lalacewa. Motar da take fita kullum daban take ciwo da wadda take sati a tsaye, kuma motar su Malam Habu, tun daga lokacin, sai abu ya yi tsanani ake tayar da ita.

Na tarar da motar a gindin wata tsamiya, rabin ƙauyen a kewaye da ita. Malam Habu ya ɗaure ƙofar direba da igiya, ya sa kujera ya zauna a gabanta tun bayan sallar asuba. Alhaji Garba na gefe a kan tabarma da babbar riga, Sagiru a tsaye a bayansa ya harɗe hannu. Muka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali, aka tambayi damina. Sannan na fara.

Ban tayar da inji ba. Na danna tayoyin gaba, iska ƙalau. Na buɗe bonet na tsoma tsumma a kwalbar mai, ja ne tas, babu kumfa, babu warin ƙuna. Da akwai kumfa sai in ce iska na shiga ta wani wuri, da ya yi baƙi sai in ce famfo na cin kansa. Na danna bel da babban yatsa, a ɗaure yake. Na bi tiyo biyun da hannu har ƙasa, a bushe. Na matse robobin da ke rufe bakin rak, wato doguwar sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama, su ma babu mai a cikinsu. Na sa jak na ɗaga gaba, aka kawo min kututture biyu na tokare, tayoyi suka bar ƙasa.

Alhaji ya gaji. "Malam bakanike, ba za ka tayar da ita ba? Daga Birnin Kudu aka ɗauko ka ka zo ka yi mata tausa?"

Na ce, "Alhaji, ai likita ma ba ya sa marar lafiya gudu kafin ya taɓa shi."

Malam Habu ya kwance igiya. Ina buɗe ƙofa wani sanyi da ƙamshin sabulu suka tarye ni. Ban taɓa shiga motar ƙauye mai tsabtar wannan ba, ɗakin amarya ma albarka. Na sa mukulli na saki sitiyari, na rufe ido, na ɗora yatsa biyu. Ya tafi sumul, sai ya cije. Na ƙara ƙarfi, ya saki da wani ɗan ƙas, ya tafi, bayan rabin zagaye ya sake cijewa. Na dawo da shi, a wuraren nan biyu dai ya cije, ba gaba ba baya.

To ga abin da wayarku ba za ta tsaya ta gaya muku ba. Ciwon famfo nauyi ne ko'ina, kuma da zarar taya ta bar ƙasa sai ya ɓace, tunda babu abin da ake turawa. Wannan kuwa yana nan inji a kashe, taya a sama. Ke nan mai ba shi da laifi, bel ba shi da laifi, famfon da aka cire ma zaluntarsa aka yi. Ƙarfe ne ke cizon ƙarfe, saura a san ina. Na kwance hannayen da ke haɗa rak da tayoyi, na tura kowace taya da tafin hannu, suka juya kamar ƙofar da aka shafa wa mai. Su ma sun fita. Na koma na juya sitiyari, yana nan yana cijewa. Ke nan ko rak ne, ko wani abu a samansa.

Na kwanta rigingine a ƙasan kujerar direba, kai a wajen birki, ƙafa a waje, tocila a baki. Bayana ya jiƙe nan take, don a ƙarƙashin shimfiɗar roba ruwa ne kwance. Na cire wani ɗan murfin roba a gindin sandar sitiyari. A nan akwai wata 'yar gaɓa mai siffar giciye da muke kira kuros, ba ta kai ƙwan kaza ba, ita ke ba sandar damar lanƙwasawa ta sauka kan rak. Ta yi ja wur da tsatsa, ga farin busasshen sabulu ya yi mata rawani. Na yi alama da alli, na kwance ta, na kama kan rak da filaya na juya. Laushi kamar man shanu.

Na kira Malam Habu ya sunkuyo, na yi ƙasa da murya. "Wa yake zuba wa motar nan ruwa a ciki?"

Ya ce, "Kowa." Ya bayyana min cewa al'adarsu ce, duk gidan da motar ta ɗauki mutuminsu, washegari sai matan gidan su fito da bokiti da sabulu su wanke ta ciki da waje. Shi ne godiyarsu, tunda ba a karɓar komai a hannun kowa. Har gasa ake yi, kada a ce gidan wane sun fi gidan wane iya godiya. In an gama sai a rufe gilasai kada ƙura ta ɓata aikin.

Na ce, "Da tana fita kullum tana bushewa, kuros na motsi, tsatsa ba ta samun wurin zama. Yanzu a jiƙa ta a rufe ta sati guda, cikin damina."

Ya riƙe min hannu. "Ado, na san bakinka. Kada ka kunyata matan nan. Alheri suke yi."

Na ce, "Ba mata zan kunyata ba."

Na fito na karkaɗe jiki, kuros ɗin a cikin tsumma a hannuna. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ni dai na shiga motoci, amma ban taɓa ganin mai tsabtar wannan ba. Wa ya kawo wannan tsari na wanki?"

Alhaji Garba ya gyara zama. "Ni ne nan. Da can sai a ɗan goge da tsumma a wuce. Na ce a'a, motar da ke ɗaukar rai ba a yi mata wankan tsuntsu. A cire shimfiɗa, a kwarara ruwa har ya fita ta ƙofa."

"Ma sha Allah. Wane gida ya fi iyawa?"

"Wannan ai ba abin tambaya ba ne," in ji shi, yana dariya. "Da aka kai mai ɗakina asibiti kafin azumi, ba mu ma sa bokiti ba. Injin ban-ruwa na sa aka ɗauko daga fadama, aka ja tiyo. Sagiru ne ya riƙe. Ko ba haka ba, Sagiru?"

"Har ƙarƙashin birki na sa," in ji Sagiru.

Na ce, "Na ga alama." Na buɗe tsumma na miƙa wa Alhaji. "Ranka ya daɗe, lanƙwasa min wannan."

Ya karɓa da yatsa biyu don kada ya ɓata riga. Ya lanƙwasa ta gefe ɗaya, ta tafi da ƙyar. Ya gwada ɗaya gefen, ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya cije leɓe, hula ta karkace. Na ce a ba Sagiru. Sagiru ya gwada da hannu ya kasa, ya ɗora a gwiwa ya danna da dukkan ƙarfinsa, sai ta yi ƙara ta saki, jan gari ya zubo masa a kan farin wando.

Na ce, "To wannan ita ce ka ce lafiyarta ƙalau. Kai kana tsaye a inuwa, ka ƙoshi, da gwiwa ka lanƙwasa ta. Malam Habu kuma a tsakiyar kwana, ƙasa laka, kwalbati a gefe, mai naƙuda a baya. Famfo ba ya taimakon wannan gaɓa, don tana sama da shi. Hannun direba ne kawai da ita. Da mataccen hannu ne a kan sitiyarin nan ranar Litinin, ba gero za ku yi wa jaje ba."

Alhaji ya karɓi kuros ɗin daga hannun Sagiru. Ya juya ta a hannu. "Yanzu ruwa ne zai yi wa ƙarfe haka? Ruwa mai tsabta?"

"Alhaji, garmarka in ta kwana a fadama, tambaya take yi ko ruwan mai tsabta ne?"

Sai wata tsohuwa ta yi magana daga bayan maza, aka buɗa mata. Inna Delu ce. Ta ce, "Garba, ni ina cikin motar. Bawan Allahn nan bai yi ihu ba, bai saki ba. Na ga jijiyar wuyansa kamar igiyar guga. Shi ya kautar da mu daga ramin kwalbati ya zuba mu a gero. Na faɗa muku tun ranar, kuka ce mace ba ta san mota ba. To ban san mota ba, amma na san mai ƙoƙari, aikina ke nan."

Alhaji ya yi gyaran murya. Mutum irinsa ba ya juyawa a gaban jama'a lokaci ɗaya, sai ya nemi kwana mai faɗi. Ya ce shi bai ƙi ba, amma magana tana nan a Juma'a. A gyara motar, shi da kansa zai shiga gaba a je kwanar nan, in ya gani da idonsa sai a san abin yi.

Na koma Birnin Kudu na zaga wajen masu kayan tsofaffin motoci. Kuros guda biyar aka zubo min, na lanƙwasa kowacce ta kowane gefe da ido a rufe, na ɗauki ɗaya, mai shagon yana ta mita wai ina zaɓe kamar mai neman aure. Juma'a da safe na koma ƙauyen. Na cika ta da giris, na daidaita da alamar alli, na ɗaure, na yanko tsohon tiyub na taya na yi mata riga. Na mai da hannayen taya, na fitar da shimfiɗa na shanya a rana, na bar ƙofofi huɗu a buɗe. Sannan na sauke motar, na tayar da inji, na saurari famfo da sukudireba don kada a ce ban duba ba. Yana ta aikinsa, bawan Allah, bai san ma an yi rigima ba.

Bayan an sauko daga masallaci Malam Habu ya shiga, Alhaji ya tattara babbar riga ya zauna a gefensa, ni da Sagiru a baya. Muka kama hanya har kwanar. Ga geron nan a kwance inda motar ta bi. Malam Habu ya rage gudu, ya karya, mota ta shiga, da ya zo fita sai ya sassauta yatsunsa, sitiyari ya zame a cikin tafinsa ya dawo tsakiya da kansa. Ya juya ya sake bi ta ɗaya gefen. Ya sake juyawa.

Alhaji ya ce, "Ya isa haka, mai kake ƙonawa."

Da muka dawo gindin tsamiya jama'a na jira. Malam Habu ya kashe mota, ya fito, ya zare mukulli ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu, kamar yadda aka ce zai yi. Alhaji ya dubi mukullin, ya dubi sama kamar mai duba hadari.

"Me zan yi da shi? Tuƙi na iya? Mai da abinka aljihu, Malam Habu, kada ya faɗi." Ya juya ga jama'a. "Kuma daga yau na hana zuba wa motar nan ruwa a ciki. Ban san wanda ya ce a riƙa yin ambaliya ba. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa."

Babu wanda ya tuna masa. Sagiru dai ya duƙa yana kankare tsatsa daga wandonsa.

Inna Delu ce ba ta yarda ba. Ta ce, "To in an hana mu wanke mota, da me za mu gode? A ɗauki 'yarka a kai ta asibiti ta dawo da jariri, kai kuma ka shafa tsumma ka koma gida? Ba a yi mu haka ba." Na ce wannan ba aikin bakanike ba ne, na ɗaure jakata na hau babur.

Matan kuwa sun warware abinsu ba tare da kwamiti ba. Tun daga ranar, duk gidan da motar ta ɗauki mutuminsu, washegari sai a aika a karɓo kayan Malam Habu, a wanke, a sa bula, a buga, a ninke, a mayar. Gasar ma ta koma can. Idan kuka ga wata tsohuwar mota mai dogon baya ta shigo ƙofar asibiti duk laka, wani dattijo ya fito daga ciki da farar riga tana ɗaukar ido kamar uban ango, to shi ne, ku gaishe shi. Ni kuwa da na kwanta a cikin ruwan sabulunsu kwana biyu, har yau babu wadda ta aiko a tambayi inda tawa rigar take.